Makaɗan Pank na Gaɓar Tekun Kalifoniya: Sana'ar da Ba Ta da Ubangida

Kudu da filin jirgin saman Los Anjalis, a gaɓar tekun Fasifik, akwai wasu ƙananan garuruwa uku da ke jere kafaɗa da kafaɗa: Manhattan Beach, Hermosa Beach da Redondo Beach. Na tsakiyar shi ne ƙaraminsu. Mutanensa ba su kai dubu 20 ba, kuma mai tafiya a ƙasa zai ratsa shi daga wannan kai zuwa wancan bai gaji ba. Ga farin yashi, ga rana kusan kullum, samari na hawan igiyar ruwa da alluna, wasu na buga ƙwallon raga a bakin ruwa. Duk wanda ya ga hoton wurin a shekarun 1970 ba zai ce akwai abin ɓacin rai a cikinsa ba. To amma daga nan ne, tsakanin 1976 da 1986, wani kiɗa ya ɓullo mai tsananin sauri da ƙara da fushi, wanda ya sauya yadda ƙananan makaɗa ke neman abinci a faɗin Amurka.

Kiɗan pank ba ya lallashin kunne. Wanda ya saba da taushin goge ko garaya, in ya fara jin sa, zai ce hayaniya ce kawai. Ni ma ba ƙarar ce ta ja hankalina ba, aikin da ke bayanta ne. A ƙasar Hausa mun san makaɗi da ubangida: sarki ne, ko attajiri, ko ɗan siyasa, wanda zai ɗauki nauyinsa shi kuma ya wasa shi. Makaɗin Amurka na wancan zamani shi ma yana da nasa ubangidan, wato kamfanin faifai, wanda zai biya kuɗin situdiyo, ya kai waƙa gidan rediyo, ya shirya rangadi. Yaran gaɓar tekun nan ba su da kowa. Kamfani bai so su ba, gidajen rawa sun rufe musu ƙofa, 'yan sanda na biye da su. Sai suka ɗora wa kansu kowane aiki da ubangida ke yi, kuma a nan ne sana'ar take.

Garuruwan nan da maƙwabtansu sun ginu ne a kan masana'antun jiragen sama da makamai. A lokacin, kamfanin TRW yana Redondo Beach, Hughes yana El Segundo, Northrop yana Hawthorne. Iyaye injiniyoyi ne da ma'aikatan ofis, ko ƙananan 'yan kasuwa, masu gida da gareji da ɗan filin ciyawa. Daga Hawthorne ɗin nan ne ƙungiyar Beach Boys ta fito a 1961, ta cika duniya da waƙoƙin teku da motoci da ƙuruciya mai daɗi. Yaron da bai iya hawan igiyar ruwa ba, ba shi da farin jini a makaranta, iyayensa sun rabu ko suna gab da rabuwa, ba ya ganin kansa a wannan hoto. Kiɗan rok kuwa a tsakiyar shekarun 1970 ya zama na manyan filayen wasa, na gwanayen da ke sauka daga jirgin sama. Da faifan farko na ƙungiyar Ramones ta Niyok ya fito a 1976, gajerun waƙoƙi masu sauri da ba sa neman wata gwaninta ta a-zo-a-gani, yara da yawa suka ce wa kansu: ashe wannan abu mu ma za mu iya.

Greg Ginn yana cikin waɗanda suka faɗi haka, sai dai shi ya zo da abin da sauran ba su da shi. Tun yana ɗan shekara 12 ya buɗe ƙaramin kasuwanci a Hermosa Beach, yana sayar da kayan rediyo ta gidan waya ga masu sha'awar haɗa rediyo da kansu. Sunan kasuwancin SST. Ya san yadda ake buga jerin kaya, a karɓi oda, a ɗaure kwali, a kai gidan waya, a riƙe lissafi. Ya kuma karanta ilimin tattalin arziki a jami'ar UCLA. Jita bai ɗauke ta ba sai da ya kusa shekara ashirin. A 1976 ya haɗu da Keith Morris, ɗan gajeren saurayi mai surutu da ke aiki a shagon mahaifinsa na sayar da fatsa da ƙugiya da abincin kifi a nan garin, suka kafa ƙungiya mai suna Panic. Ginn na jita, Morris na waƙa.

Shekara biyu suka yi kusan ba wanda ya gan su a dandamali. Bita kawai suke yi. Ginn mutum ne mai naci, yana son a maimaita waƙa ɗaya har ta zauna a jiki, awanni da yawa kowane dare, kusan kowace rana a mako. Masu kaɗa jitar bes sun zo sun gudu saboda wannan horo, sai da Chuck Dukowski ya shigo a 1977 aka sami mai irin zuciyar Ginn. Wurin bitar kuwa wani tsohon coci ne na 'yan Baftis da aka daina ibada a cikinsa, aka yanyanka shi ɗaki-ɗaki ana ba masu aikin hannu haya. A nan suke kiɗa, a nan wasu ke kwana, a nan yaran unguwa ke taruwa su sha giya su saurara. A fim ɗin da Penelope Spheeris ta fitar a 1981 game da pank na Los Anjalis, an nuna Ron Reyes, wanda ya gaji Morris a waƙa, yana buɗe wani lungu na ajiye kaya a cikin cocin, ya ce nan ne makwancinsa, dala 16 yake biya a wata.

Mutane na ɗauka cewa mai kiɗan pank bai iya komai ba ne shi ya sa yake duka da ƙarfi. Wanda ya taɓa gwadawa ya san ba haka ba ne. Waƙar minti ɗaya da rabi ba ta da wurin ɓoye kuskure. Hannun dama na mai jita yana sauka a kan tsirkiya ba hutu, hannun hagu na zamewa a kan wuyan jita cikin sauri, mai ganguna na riƙe da gudun da in ya yi sanyi kaɗan duk abin ya watse. Dole mutum huɗu su tsaya cak a lokaci ɗaya, su kuma tashi a lokaci ɗaya, ba madugu mai ɗaga sanda. Ginn na amfani da wata jita ta roba mai garai-garai, ana hango rigarsa ta cikinta, da amfilifaya ta taranzista wadda gwanayen lokacin ke rainawa, domin tana ba shi busasshen sauti mai kaifi. Shi ma'abocin jaz ne, shi ya sa in ya shiga kaɗin kaɗaici sai ka ji kamar yatsunsa sun ɓace hanya, alhali da gangan yake karkacewa. Wannan karkacewar ba ta samuwa sai bayan dogon horo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A lokacin, cibiyar pank ta Los Anjalis tana Holiwud ne, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai suna Masque wanda Brendan Mullen ya buɗe a 1977. 'Yan wurin yawanci ɗaliban makarantun zane ne da masu kwalliyar zamani, kuma ba su ɗauki yaran gaɓar teku da muhimmanci ba, masu zuwa da tsofaffin riguna da gashin da bai ga askin yayi ba. Ga kuma doka: a Kalifoniya sai mai shekara 21 ake sayar wa giya, don haka gidajen rawa da yawa ba sa barin yara su shiga, alhali masu son wannan kiɗa yawancinsu 'yan sakandare ne. Da Ginn da abokansa suka gaji da jira, sai suka kama hayar zauren wata ƙungiyar dattawa a Redondo Beach a watan Janairun 1979, suka gayyaci wasu ƙungiyoyi, suka yi talla da kansu, suka tsaya a ƙofa da kansu. Daga ranar suka gane cewa duk zauren da ke da rufi da wutar lantarki dandamali ne.

Kafin wannan wasa sun riga sun sauya suna, domin an sami wata ƙungiya mai suna Panic. Ƙanen Ginn, Raymond, wanda duniya ta sani da Raymond Pettibon, shi ya kawo sunan Black Flag, ya kuma zana tambarinsu: baƙaƙen sanduna huɗu a tsaye, biyu sun ɗan ɗaga biyu sun ɗan sauka, kamar tuta na kaɗawa. Amfanin tambarin shi ne yaro mai gwangwanin fenti zai zana shi a bango cikin ƙiftawar ido ya gudu. Haka aka yi ta ganin sa a gadoji da katangu a duk faɗin birnin.

Talla kuwa aikin dare ne. Pettibon zai zana hoto da baƙin tawada, hoto mai tayar da hankali, da ɗan gajeren rubutu a ƙasa wanda ke sa mutum ya tsaya ya sake dubawa. A rubuta rana da wuri da kuɗin shiga da hannu, a kai shagon fotokwafi a buga ɗaruruwa. Sai a dama fulawa da ruwa a bokiti ta yi kauri, a ɗauki buroshi, a shiga mota. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na shafa ƙullun a jikin falwaya, ɗaya na manna takarda ya sake shafe ta ta sama don kada ta ɓanɓaru da wuri. A bi ƙofar makarantu, a bi shagunan faifai, a bi bakin teku, har asuba. Mai kaɗa jita da dare ɗaya shi ne mai riƙe da bokiti a daren da ya gabata. Ina ganin duk mai son fahimtar wannan sana'a, bokitin nan ya kamata ya fara dubawa kafin jitar.

Ranar 22 ga Yulin 1979 ce ta sa sunansu ya shiga bakin mutanen gari. A lambun shaƙatawa na Polliwog da ke Manhattan Beach akan yi kiɗa ranar Lahadi don iyalai, a shimfiɗa barguna a ciyawa a ci abinci. Ginn ya lallaɓi jami'in da ke shirya wasan, ya ba shi tabbacin cewa kiɗansu mai laushi ne, aka sa su a jadawali. Da suka fara, iyaye suka yi ta jifan su da ɓawon kankana da gwangwanaye da ragowar abinci, su kuwa ba su fasa ba. Daga baya sai da hukumar lambun ta ba jama'a haƙuri. Ba zan ce abin da Ginn ya yi daidai ne ba, ƙarya ya yi wa mutumin da ya amince da shi. Amma labarin yana nuna irin ƙishirwar da suke da ita ta a ji su ko ta halin ƙaƙa.

Sai batun faifai. A lokacin, a kan titin Pier da ke Hermosa akwai wani ƙaramin situdiyo mai suna Media Art, inda wani baƙar fata mai suna Glen Lockett, wanda kowa ke kira Spot, yake koyon aikin naɗar sauti. Shi ma makaɗi ne, mai son jaz. Da farko bai ɗauki kiɗan yaran da wata daraja ba, amma ya gane abu ɗaya da manyan injiniyoyi ba su gane ba: irin wannan kiɗa ba a gyara shi, kama shi ake yi. Maimakon a naɗi ganguna yau, jita gobe, murya jibi, sai ya jera makirfo, ya sa su duka su kaɗa tare kamar suna gaban jama'a, a cikin dare lokacin da kuɗin situdiyo ya fi sauƙi. In an yi ɗan kuskure amma waƙar na da rai, a bar shi. Da wannan hannu Spot ya naɗi yawancin faya-fayan da suka yi suna daga wannan yanki, har ya rasu a 2023 ana ambaton sa da su.

A Media Art ɗin aka naɗi waƙoƙi huɗu na farko a Janairun 1978, dukkansu ba su wuce kimanin minti biyar ba. Wani ƙaramin kamfani ya yi alkawarin fitarwa, ya yi ta jan ƙafa. Ginn ya buɗe littafin lambobin tarho, ya nemo masana'antar da ke buga faifai, ya kai musu tef da kuɗinsa. Can ake yanka sautin a jikin faranti, a yi masa hatimin ƙarfe, a riƙa danna narkakkiyar roba ana fitar da faifai ɗaya bayan ɗaya. Ya buga kwafi 2,000 na Nervous Breakdown, ya fito a farkon 1979, kuma sunan tsohon kasuwancin rediyon ya hau kai: SST. Su suka naɗe kwalayen da hannu, su suka zaga shaguna suna roƙon a ajiye musu biyar ko goma, su suka aika wa masu oda ta gidan waya. Rediyo kuwa, mutum ɗaya ne ya buɗe musu ƙofa sosai, Rodney Bingenheimer na tashar KROQ, wanda yakan sa faifan yaro ko da a hannu ya kawo masa. Ta shirinsa ne yaran unguwannin nesa suka san cewa akwai irinsu.

Kuma akwai su da yawa. Bill Stevenson, wani yaro mai son kamun kifi da ke aiki a shagon mahaifin Morris, shi ne mai gangunan Descendents ta Manhattan Beach. Shi da abokinsa Frank Navetta suka jiyo wani yana bitar jitar bes a garejinsa, suka leƙa, ashe Tony Lombardo ne, ma'aikacin gidan waya da ya haura shekara talatin. Suka ɗauke shi. A 1980 ɗan makarantarsu ta Mira Costa, Milo Aukerman, mai tabarau da son karatun kimiyya, ya zama mawaƙinsu. Waƙoƙinsu na 'yan mata ne da suka ƙi kula su, da abinci, da kamun kifi, da takaicin iyaye, ana kaɗa su da gudun mutumin da ya sha kofi mai yawa, kuma kuwa suna sha. Kundinsu na 1982, Milo Goes to College, sunansa gaskiya ce tsagwaronta, domin Milo ya tafi jami'a, daga baya har ya yi digirin digirgir a ilimin halittu. A Hawthorne kuma akwai 'yan'uwa biyu, Jeff da Steve McDonald na Redd Kross. Steve bai wuce shekara 12 ba yana kaɗa bes a gaban jama'a.

Waɗanda suka fi burge ni su ne Minutemen na San Pedro, garin tashar jiragen ruwa, inda ba wasan yashi ake yi ba, dako ake yi. D. Boon da Mike Watt abokai ne tun suna 'yan shekara 13, 'ya'yan talakawa, George Hurley na kaɗa musu ganguna. Su ne suka mayar da tsimi ya zama aƙida. Sukan sayi tef ɗin da aka riga aka yi amfani da shi, su kama situdiyo bayan tsakar dare, su kaɗa waƙoƙin a jeren da za su fito a faifai don kada a ɓata kuɗi wajen yanka da haɗawa. Su ke tuƙa motarsu, su ke ɗaukar kayansu. A ganinsu, wasa a gaban jama'a shi ne sana'ar. Faifai da hira da hoto duk talla ne na jawo mutane wurin wasa. Faifansu na farko shi ne na biyu da SST ta fitar, a 1980. Kundinsu mai faifai biyu na 1984, Double Nickels on the Dime, mai waƙoƙi sama da 40, dala 1,100 kacal ya ci. Kuma ba kiɗan tsiya ba ne: akwai jaz a ciki, akwai kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka, akwai zancen siyasa da tarihi da wahalar ma'aikaci.

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin faɗa. Da kiɗan ya gangara kudu zuwa gundumar Orange, wato Huntington Beach da Costa Mesa da Fullerton, inda ƙungiyoyi irin su The Crowd da T.S.O.L. da Adolescents suka taso, sai ya haɗu da wasu irin samari: ƙarfafa, 'yan wasan motsa jiki da hawan igiyar ruwa, masu aske kai ƙwal da sa manyan takalma. Rawar tsalle a wuri ɗaya ta koma ta bangaje juna da gwiwar hannu. Ga wasu wasa ne, wanda ya faɗi a ɗaga shi. Ga wasu kuwa dama ce ta dukan wanda bai yi kama da su ba. Mata da yawa da tsofaffin 'yan Holiwud suka daina zuwa. Ron Reyes ya ajiye makirfo a tsakiyar wasa a gidan rawa na Fleetwood da ke Redondo Beach a 1980, ya bar ƙungiyar, kuma tashin hankalin wurin na cikin dalilansa. Ƙwaya da giya su ma sun ci mutane. Kiɗan da aka fara don yaron da ake zalunta a makaranta, sai ga azzalumin ya biyo shi har cikin zaure. Masu ba da tarihin wannan zamani da ke tsallake wannan magana ba su yi wa waɗanda aka kora adalci ba.

Sai dai 'yan sanda ba gyara suka zo yi ba. A zamanin da Daryl Gates ke shugabancin 'yan sandan Los Anjalis, sau da yawa akan turo su da kwalkwali da kulake su tarwatsa wasa, su bi yara da duka a titi, washegari jaridu da talabijin su ce pank ya jawo tarzoma. Gates ya rubuta takarda yana neman kada a sake nuna fim ɗin Spheeris a birnin. Aka sa wa ofishin SST ido, matsin ya yi yawa har Black Flag suka bar Hermosa. Gidan rawa na Cuckoo's Nest da ke Costa Mesa, wanda ya riƙe yaran gundumar Orange, hukumar gari ta bi shi da shari'a har ya rufe a 1981. Mai gidan rawa da ya ga an fasa masa tagogi sau ɗaya, ba zai sake ba da zaurensa ba.

Da gida ya ƙi Black Flag, sai hanya. Wannan shi ne babban abin da suka bari. A wancan lokaci ƙungiyar da ba ta da kamfani ba ta rangadi, domin ba hanyar da za ta bi. Dukowski ya zauna da tarho da littafin rubutu, yana kiran garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Ya kira shagon faifai ya tambaya ko akwai yaron da ke shirya wasa. Ya kira tashar rediyon jami'a. Ya yi musayar lambobi da ƙungiyar D.O.A. ta Bankuba a Kanada, waɗanda su ma suke irin wannan fafutuka. In an sami zauren tsofaffin sojoji, ko gidan cin abinci, ko ɗakin ƙarƙashin gidan wani, an sami masauki. Kowace lamba da ta yi aiki, a miƙa wa ƙungiya ta gaba. A haka layi ya shimfiɗu daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan, kuma duk garin da suka wuce sai ka ji bayan 'yan watanni yara sun kafa tasu ƙungiyar.

A wannan hanya suka tsinci Henry Rollins a 1981, ɗan shekara 20 da ke kula da wani shagon askirim a birnin Washinton. Ya hau dandamali ya rera waƙa ɗaya tare da su a Niyok; Dez Cadena, mawaƙinsu na uku, yana son komawa jita, sai suka kira shi gwaji. Ya bar aikinsa ya shiga mota. Littafin da ya fitar a 1994 daga rubutun da ya riƙa yi a hanya, Get in the Van, ya nuna rayuwar ba kwalliya: tsohuwar bas cike da lasifikoki, mutane na kwance a kansu, tafiyar dare daga gari zuwa gari, a sauke kaya, a kaɗa, a sha tofi da jifa da kwalba, a loda kaya, a kwana a daɓen ɗakin wani baƙo. Wani lokaci kuɗin ƙofa ba ya wuce na mai. In an dawo gida kuma, a wata 'yar rumfa yake kwana a bayan gidan iyayen Ginn.

Sau ɗaya suka gwada jingina da manya, kuma sun ji jiki. Kundinsu na farko, Damaged, na ƙarshen 1981, an shirya kamfanin MCA ya rarraba shi ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna Unicorn. Wani babban jami'in MCA ya saurara ya ce kundin na tunzura yara su bijire wa iyaye, aka fasa. Rigima ta ɓarke tsakaninsu da Unicorn, kotu ta hana su fitar da komai da sunan Black Flag. Da suka fitar da tarin tsofaffin waƙoƙi ba tare da sunan a jiki ba, alƙali ya ce sun raina kotu, Ginn da Dukowski suka yi kwana biyar a gidan yari a 1983. Sai da Unicorn ya karye suka sami kansu. A 1984 kaɗai suka fitar da kundi uku na situdiyo, biyu daga cikinsu tare da Kira Roessler a jitar bes, wadda ke haɗa rangadi da karatun jami'a. A shekarar ce kuma SST ta fitar da kundin Minutemen da aka ambata, da Zen Arcade na Hüsker Dü 'yan Minesota, wanda Spot ya naɗa a Redondo Beach. Kamfanin da ya fara da kwalayen kayan rediyo ya zama inda kowace ƙaramar ƙungiya mai ji da kanta ke son shiga: Meat Puppets, Sonic Youth, Dinosaur Jr., Soundgarden.

Abin takaici, wanda ya guje wa ubangida shi ma ya zama ubangida. Ƙungiyoyi da dama da suka yi aiki da SST sun koka cewa lissafin cinikin faya-fayansu ba ya fitowa, kasonsu ba ya zuwa, har wasu suka kai ga lauyoyi don karɓo kayansu. Pettibon ya ɓata da ƙungiyar yayansa a kan yadda ake yanka zanensa ana amfani da shi. Abota da amana sun isa a tafiyar da kasuwancin faifai 2,000. Ba su isa ba da abin ya kai dubun dubata. A watan Disambar 1985 D. Boon ya rasu a hatsarin mota a jihar Arizona yana ɗan shekara 27, Minutemen ta ƙare nan take. A 1986 Ginn ya rufe Black Flag.

Ribar kuwa wasu ne suka kwasa. Nirvana, waɗanda jagoransu Kurt Cobain ya sha ambaton Black Flag cikin waɗanda suka yi masa tasiri, sun bi wannan layi na ƙananan zauruka kafin su fashe a 1991. A 1994 ƙungiyar Offspring ta gundumar Orange ta sayar da miliyoyin kwafin kundinta a ƙarƙashin Epitaph, kamfani mai zaman kansa da wani makaɗin pank ya kafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gidajen Hermosa a yau na miliyoyin daloli ne, kuma tsohon cocin an rushe shi; yaro mai dala 16 ba shi da lungun da zai kama a garin.

Su kuwa masu sana'ar, yawancinsu ba su bar ta ba. Zanen Pettibon yana rataye a manyan gidajen adana zane na duniya. Kira Roessler ta zama gwanar gyaran sautin fina-finai a Holiwud. Bill Stevenson yana da nasa situdiyo a jihar Kolorado, inda yake naɗar ƙananan ƙungiyoyi. Mike Watt bai bar San Pedro ba, bai kuma daina rangadi ba. Keith Morris, wanda ya bar Black Flag a 1979 ya kafa Circle Jerks, ya sake kafa wata ƙungiya mai suna OFF! bayan ya haura shekara hamsin, a lokacin Steve McDonald na kaɗa masa bes, Pettibon na zana bangon faya-fayan. Tarin waƙoƙinsu na farko ya fito a 2010, waƙoƙi 16 cikin ƙasa da minti 20.